Yawuri da Baga: Garuruwan bakin tafki da ake tallata wa baƙi alhali mazaunansu na nutsewa

Duk lokacin da bikin Rigata ya zagayo a Yawuri, wayoyinmu kan cika da hotunan dogayen kwale-kwale da aka yi wa ado, matuƙa na tuƙi da ƙarfi, makaɗa na kiɗa a tsakiyar ruwa, manyan baƙi kuma na zaune ƙarƙashin rumfa suna tafi. Daga nan sai jawabai su biyo baya: za a mayar da garin cibiyar yawon buɗe ido, za a janyo masu zuba jari, matasa za su samu aikin yi. Bayan kwana biyu a naɗe rumfuna, ayarin motoci ya koma Birnin Kebbi da Abuja. Ruwan da aka yi wasa a kansa kuwa ya koma aikinsa na kullum, wato ɗaukar mata da yara da buhunan hatsi da babura zuwa kasuwannin ƙauye, cikin jiragen katako da ba wanda ya duba lafiyarsu.

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa a watan Agustan 2023, ya kuma ba Adegboyega Oyetola riƙonta, maganar cin moriyar ruwa ta shiga bakin 'yan siyasa. Arewa ba ta da teku, amma tana da manyan tafkuna biyu da garuruwan da suka rayu da jiragen ruwa: Yawuri da Sabuwar Busa a bakin tafkin Kainji, da Baga a bakin tafkin Chadi. Tambayar da ta kamata matashin da ke bin al'amuran mulki ya yi ita ce, me ake sayar wa baƙo a waɗannan garuruwa, kuma wa ke biyan farashin abin da aka ƙi gyarawa?

Sabon Gari, ɗan tashar jirgin ruwa

Mai karatu da ke Basawa ko Samaru zai iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda babban ruwan da muka sani shi ne Galma da Kubanni da madatsar jami'a. Amma tarihin Sabon Garin Zariya kansa daga bakin kogi ya faro. A 1907 Turawan mulkin mallaka suka soma shimfiɗa layin dogo daga Baro, wani ƙaramin gari a gaɓar kogin Neja da ke ƙaramar hukumar Agaie a yau, suka nufi Kano da shi. Layin ya ratsa Zariya, ya isa Kano a 1911. Manufarsu a fili take: a kwashi auduga da fata, daga baya kuma gyaɗa, a kai Baro ta jirgin ƙasa, a zuba a jirgin ruwa ya gangara da su teku. Ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da leburori da 'yan kasuwar da suka biyo wannan layi su ne suka kafa Sabon Gari. Ba don tashar Baro ba, da wataƙila taswirar Zariya ta zamani ta sha bamban da wadda muka sani.

Baro ba ta daɗe tana cin kasuwa ba. Da aka haɗa layin da na Legas, aka kuma kammala gadar Jebba a 1916, sai kaya suka riƙa wucewa kai tsaye zuwa teku ta ƙasa, tashar ta soma dusashewa. Bayan kusan ƙarni guda aka ce za a tashe ta. A 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe kogin Neja daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572, kan kuɗin da ya haura naira biliyan 30. A watan Janairun 2019, ana dab da zaɓe, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar da aka kashe wa kusan naira biliyan 6. Shekaru suka yi ta wucewa ba jirgin dakon kaya da ke sauke lodi a wurin. Hanyar mota daga Agaie ta Katcha zuwa tashar ba ta kammalu ba lokacin da aka yanke kyalle, tsohon layin dogon ya daɗe da mutuwa, kogin kuma ya ci gaba da tara yashi kamar yadda kowane kogi ke yi idan aka daina kula da shi.

Na kawo Baro ne domin ita ce ma'aunin da ya kamata a auna kowane alƙawari da shi. An gina abin da za a ɗauka hoto, an bar abin da zai sa ya yi aiki. Wannan ɗabi'a ce ake shirin maimaitawa da sunan yawon buɗe ido.

Abin da Yawuri ke da shi

Babu mai musun cewa Yawuri na da abin nunawa. Masarauta ce tsohuwa, tana cikin jerin da ake kira Banza Bakwai, kuma ta zauna a kan ɗaya daga cikin mashigan da fataken goro ke bi tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa. Ayari ba ya tsallake kogin Neja da ƙafa, saboda haka wanda ke da jirgin fito shi ke da iko da haraji. Gungawa, mazauna tsibiran kogin, da Sarkawa masunta, su ne suka riƙe wannan sana'a, tare da noman albasa a fadamu da ya yi suna har yau. Rigata da ake yi yanzu tana da tushe a cikin nuna bajintar mayaƙan ruwa na Gungawa, waɗanda ke fuskantar dorina da mashi daga cikin kwale-kwale.

Ga mai sha'awar tarihin zuwan Turawa ma akwai labari. Mungo Park ya ratsa Yawuri a 1806 a tafiyarsa ta ƙarshe, kuma ƙasa kaɗan, a duwatsun Busa, ruwa ya ci shi. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo har Yawuri suna neman takardun da ya bari, kafin su bi kogin har inda ya shiga teku. Wurin da Park ya mutu ba ya ganuwa yau, domin tsohuwar Busa gaba ɗayanta tana ƙarƙashin ruwa.

A nan ne labarin ya daina zama na nishaɗi. An soma gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968, daga baya ƙarfin injinan da aka sanya mata ya kai megawat 760. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai tsawon kilomita 130 da ɗoriya, ya haɗiye tsibirai da gonaki da maƙabartu da garuruwa, aka tashi mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Sabuwar Busa ta samu sunanta ne daga wannan ƙaura. Mutanen da suka ba da ƙasar kakanninsu domin Legas da Kaduna su samu lantarki, da yawa daga cikin jikokinsu har yanzu da fitilar batir suke kwana. Ƙauyukan da a da ake zuwa da ƙafa ko a kan jaki, ruwa ya raba su, dole sai da jirgi. Itatuwan da ruwan ya rufe kuma ba duka aka sare ba. Kututturansu na nan tsaye a ƙarƙashi, kuma matuƙin da ya kauce wa hanya kaɗan, musamman idan ruwa ya ja baya ko duhu ya shiga, zai iya fasa cikin jirginsa a kansu.

Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi ya taso daga ɓangaren jihar Neja ya nufi Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski ta masarautar Yawuri, ɗauke da mutum fiye da 150. Ya tsage a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Hukumomi suka ce jirgin tsoho ne kuma an yi masa lodi fiye da ƙima. A watan Satumban 2025 wani jirgin da ya ɗebo masu zuwa ta'aziyya daga yankin Malale a ƙaramar hukumar Borgu ya daki kututture kusa da Gausawa, aka rasa rayuka da dama, akasari mata da yara. Tsakanin waɗannan biyu akwai na Patigi a jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda mutum fiye da 100 da ke dawowa daga ɗaurin aure suka halaka, da na Mokwa a watan Oktoban 2024, inda masu zuwa Mauludi suka nutse da daddare. Wanda ke ganin abin ya tsaya a kogin Neja ya tuna da Ɓagwai ta jihar Kano, inda a ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ɗaliban Islamiyya.

Bayan kowane haɗari sanarwar iri ɗaya ce: lodi ya yi yawa, an yi tafiyar dare, ba a sa rigar kariya ba. Duk gaskiya ne. Sai dai sanarwar kan tsaya daidai inda laifin matuƙi ya ƙare, ba ta shiga inda na hukuma ya fara. Me ya sa mutum 150 ke cunkusuwa a jirgi ɗaya? Saboda shi kaɗai ne zai tashi ranar kasuwa, wanda ya rasa shi ya rasa cinikin mako. Me ya sa matuƙi ke ƙara lodi? Saboda tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin fetur ɗin injinsa ya ninka sau da yawa, fasinjansa kuwa talaka ne da ba zai iya biyan ninki ba, sai a cike giɓin da yawan kawuna. Me ya sa ake bin ruwa da dare ko a lokacin iska? A wasu yankunan na Neja da Kebbi saboda hanyar mota ta lalace, ko kuma 'yan bindiga sun tare ta, mutane na ganin gara kogi da daji. Matuƙin jirgin Wara bai ƙirƙiro ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai ba.

Sai batun isa garin. Matashin Samaru da ya ga hotunan Rigata ya ce bana da shi za a yi, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya bi ta Birnin Gwari da Tegina da Kontagora, ko ya yi dogon zagaye ta Gusau da Sakkwato da Jega da Koko. Sunayen da ke kan hanyar farko kaɗai sun isa su sa mahaifiyarsa ta hana shi. A Tegina aka kwashe ɗaliban Islamiyya a ƙarshen Mayun 2021. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 17 ga Yuni, aka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri aka tafi da ɗalibai da malamai, waɗansu 'yan matan suka shafe kusan shekara biyu a hannun 'yan bindiga. Sulhun da gwamnatin Kaduna ta yi a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 ya sa motoci sun dawo hanyar, amma amincin da ya dogara da alƙawarin masu riƙe da makami ba shi ne irin wanda ake gina harkar baƙi a kansa ba. Gandun dajin Kainji, wanda a da shi ne babban abin da ke jan baƙi zuwa yankin, shekarun nan an fi jin sunansa a rahotannin tsaro, saboda ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai da suka samu mafaka a cikinsa.

Baga: kasuwar da yaƙi ya cinye

Idan Yawuri na fama da sakaci, Baga yaƙi ta gani. Kafin rikicin Boko Haram, Baga da Doron Baga su ne babbar ƙofar kifin tafkin Chadi zuwa cikin Najeriya. Bandar tarwaɗa da ƙarfasa da ake lodawa a manyan motoci daga can tana isa Maiduguri, ta wuce Kano da Zariya, ta gangara har Onitsha da Legas. Garin ya tara Barebari da Buduma da Shuwa da Jukunawa da ɗimbin Hausawa masunta da 'yan kasuwa daga Kebbi da Sakkwato da Haɗeja, har Hausa ta zama harshen ciniki a tsibirai da yawa. Akwai kwalejin tarayya ta koyar da kiwon kifi a garin, wadda rikici ya tilasta wa komawa Maiduguri.

Gadon tuƙi a wannan yanki ya girmi mafi yawan abin da ake nunawa a gidajen tarihin jiragen ruwa na Turai. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, ya ci karo da wani katako. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi a 1994, aka gano kwale-kwale ne mai tsawon mita takwas da 'yan kai, wanda ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, kuma yana cikin 'yan ƙalilan mafi tsufa a duniya. A Damaturu aka ajiye shi. Ɗalibai nawa ne a jami'o'inmu suka taɓa jin labarinsa, balle su je su gani? Haka nan a 1969, lokacin da Thor Heyerdahl ɗan ƙasar Norway ya so gwada tsallake tekun Atalantika da jirgin da aka saƙa da ciyawar ruwa, daga tafkin Chadi ya ɗauko maginan da suka ɗaure masa jirgin farko, domin a can ne sana'ar ke raye.

Tafkin kansa ya sauya. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, sai farin shekarun 1970 da 1980 ya zaftare mafi yawansa. Garuruwan da ke bakin ruwa, irin su N'Guigmi a Nijar, suka wayi gari ruwa ya yi musu nisa, masunta suka riƙa bin sa suna kafa tunga a duk inda ya tsaya. Wannan bin ruwa ne ya kai 'yan Najeriya Darak da maƙwabtanta, ƙauyukan da Kotun Duniya ta ce na Kamaru ne a hukuncinta na 2002, aka kuma miƙa su a ƙarshen 2003. Amma akwai wata magana da 'yan siyasa ke son maimaitawa, cewa tafkin na dab da ƙafewa ƙurmus, wadda hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun baya-bayan nan ba su goyi bayanta ba. Ruwan na ƙaruwa da raguwa ne gwargwadon damina, kuma tun shekarun 1990 bai ci gaba da ja da baya kamar da ba. Wannan bambanci na da muhimmanci, domin labarin ƙafewa shi ake amfani da shi wajen tallata shirin janyo ruwa daga kogunan Kwango, aikin dubban miliyoyin daloli da aka yi wa babban taro a Abuja a 2018 kuma har yau yana kan takarda. Yayin da ake wannan mafarki, hanyoyin jirgi da ke haɗa Baga da tsibirai da gaɓar Chadi sun toshe da ciyawa, aikin da ba ya bukatar ko kashi ɗaya cikin ɗari na wancan kuɗi.

A watan Afrilun 2013 aka yi arangamar da ta ƙone gidaje da yawa a Baga. Ranar 3 ga Janairun 2015 Boko Haram ta kwace sansanin rundunar haɗin gwiwa da ke garin, ta bi mutane da kisa. Gwamnati ta ce mutum 150 ne suka mutu, wasu rahotanni suka kai adadin har 2,000, hotunan sama da ƙungiyar Amnesty ta fitar kuma suka nuna gine-gine fiye da 3,700 da aka lalata a Baga da Doron Baga. A ƙarshen 2018 ɓangaren ISWAP ya sake mamaye garin. Gwamna Babagana Zulum ya soma mayar da mutane a 2020, bayan an kai wa ayarinsa hari a kan hanyar fiye da sau ɗaya. Rayuwa ta ɗan dawo, amma a watan Janairun 2025 an kashe manoma da masunta kimanin 40 a Dumba, kusa da garin.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yadda kifin ya zama makamin yaƙi. Sojoji sun hana safararsa na tsawon lokaci domin toshe wa 'yan tada ƙayar baya hanyar kuɗi, kamar yadda Nijar ta yi a jihar Diffa daga 2015. Sakamakon shi ne masuncin da ya ƙi mutuwa da yunwa ya shiga tsibiran da ISWAP ke iko da su, ya biya ta haraji, ta ba shi izinin jefa koma. Masu bincike kan rikicin sun daɗe suna rubuta wannan. Ƙungiyar ta fahimci abin da hukuma ta manta, cewa wanda ya riƙe mashigar ruwa da kasuwar kifi shi ke mulkin tafki. Yin maganar yawon buɗe ido a Baga yanzu, alhali tafiyar kusan kilomita 200 daga Maiduguri ta Monguno na bukatar addu'a da sa'a, raina hankalin mutanen garin ne. Ko yunƙurin da ƙasashen yankin suka yi na sa tafkin cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO ya tsaya a 2020, lokacin da Chadi ta nemi a dakata saboda yarjejeniyoyin neman man fetur da ta ƙulla a yankin.

Wa ke da alhaki

A wasu matsalolin ƙasar nan akan ɓata shekaru ana jayayya kan ko na tarayya ne ko na jiha. A nan an riga an yanke. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, ita doka ta ba rajistar jirage da ba matuƙa lasisi da sanya alamomin hanya da share ta. A watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli, a shari'ar da ta haɗa ta da gwamnatin Legas, ta tabbatar da cewa ikon hanyoyin ruwa na tarayya ne. Hukumar ta yi murna da hukuncin, kuma tana da dalili, domin a Legas akwai kuɗin shiga. To, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ikon da ya shafi jiragen alfarma na Ikoyi shi ne ya shafi jirgin kasuwar Wara. Hukumar da kanta ke cewa ƙasar na da hanyoyin ruwa kimanin kilomita 10,000 da suka taɓa jihohi 28. Jami'an sintiri nawa take da su a tafkin Kainji ranar kasuwa, kuma jirage nawa ta hana tashi a bara saboda rashin lafiya? Waɗannan alƙaluma ne da ya kamata a wallafa duk wata uku, ba sai an yi gawa ba.

An fito da sabuwar ƙa'idar sufurin ruwa da ta hana tafiyar dare da lodi fiye da ƙima, ta kuma wajabta rigar kariya, ma'aikatar Oyetola kuma ta raba dubban riguna ga jihohi a 2025. Ba a raina wannan ba, riga na ceton rai. Amma rigar da aka raba a babban birnin jiha gaban 'yan jarida tana da doguwar tafiya kafin ta isa jikin matar da ke goye da jariri a tungar masunta, kuma ba ta cire kututture daga hanya, ba ta kuma sauya ruɓaɓɓen katako. Sannan akwai hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki ta ruwa, HYPPADEC, da ke Minna, wadda dokarta ta fito tun 2010 amma ba ta soma aiki ba sai bayan shekara goma. An kafa ta ne musamman domin biyan bashin da ƙasa ke ɗauke da shi na al'ummomin da madatsu suka tasa. Jihar Kaduna na cikin jihohin da aka ƙara mata daga baya, saboda haka ɗan Sabon Gari na da cikakken hurumin tambayar ɗan majalisarsa na tarayya nawa hukumar ta karɓa, nawa ta kashe kan jiragen fasinja na ƙarfe ko na roba mai ƙarfi, kuma a wace gaɓa suke aiki yau.

Ƙasashen da suka ci moriyar garuruwan bakin tafki ba da biki suka fara ba. Kenya ta gyara tashar Kisumu a tafkin Victoria a 2019, ta tashi tsohon jirgin dakon kayanta MV Uhuru ya koma kai mai Uganda, kuma harkar kaya ce ta dawo da ma'aikata da masauki da gidajen abinci da baƙo zai samu idan ya zo. A ɗaya ɓangaren ga Mopti ta Mali, wadda a da Turawa ke tururuwa zuwa kallon jiragenta da kasuwar kifinta. Tun da tsaro ya taɓarɓare a 2012 baƙi suka ɗauke ƙafa, kuma harin da aka kai wa jirgin fasinja na Tombouctou a kan kogin Neja a watan Satumban 2023, wanda ya kashe fararen hula da dama, ya nuna cewa kyan gari ba ya kare shi. A gida ma muna da Argungu. Bikin kamun kifinta, da ya samo asali daga 1934 kuma UNESCO ta karrama a 2016, ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin ya dawo a 2020. Idan bikin da duniya ta sani zai iya tsayawa haka, me zai riƙe Rigata ranar da gwamnan da ke sonta ya sauka?

Ba ina cewa a daina Rigata ba ne. Biki ne na mutanen Yawuri tun kafin a san da wata ma'aikatar yawon buɗe ido, wadda ita kanta aka kafa a 2023 aka kuma narkar da ita cikin ta al'adu a watan Oktoban 2024. Masu saƙa da masu abinci da 'yan acaɓa na samun ciniki a kwanakin, yaran Gungawa kuma na ganin sana'ar iyayensu da daraja. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da bikin shaidar cewa an yi wa garin aiki. Gwamnatin Kebbi za ta iya bayyana abin da take kashewa a kansa kowace shekara, ta ajiye shi kusa da abin da ta kashe wajen gina matsayar jirage mai siminti a Wara ko Zamare, jama'a su kwatanta da kansu.

Akwai kuma wani abu da ke ƙofar gidanmu. A kan titin Basawa Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, NITT, take, wadda aka kafa a 1986 domin horarwa da bincike kan dukkan nau'o'in sufuri, har da na ruwa. A Sabuwar Busa kuma akwai cibiyar tarayya ta binciken kifin ruwan daɗi, wadda ta faro tun lokacin da aka tare kogin, kuma babu wanda ya fi ta sanin tafkin. Matuƙin jirgin kasuwa ba ya bukatar difloma. Yana bukatar horon mako biyu cikin Hausa a bakin ruwan garinsu, kan iyakar lodi da karatun iska da ceton wanda ya faɗa ruwa, da taswirar da ta nuna inda kututture yake, da alamar da aka kafa a kansa, da layin da aka shafa da fenti a jikin jirgi wanda duk fasinja zai gani idan ruwa ya haura shi. Sarkin Ruwa na kowace gaɓa ya san jirage nawa ke ƙarƙashinsa da wanda katakonsa ya ruɓe, kuma maganarsa ta fi ta baƙon jami'i tasiri a wurin matuƙa. Majalisar dokoki ta tarayya na duba kasafin NIWA da na HYPPADEC da na NITT kowace shekara, kwamitocinta kuma na zama ne a bainar jama'a. A can ne za a ga ko an ware wa horar da matuƙan Kainji da share musu hanya layi guda, da kuma nawa aka rubuta a gabansa.